Na ɗauki muryar Imoudu, na bar sauran aikin

Ƙannena da kuke shiga harkar ƙungiyar ƙwadago, ga abin da ya same ni.

A shekarata ta biyu a wata masaƙa da ke Kakuri, Kaduna, 'yan sashenmu suka zaɓe ni wakilinsu, don ba na haɗiye magana a gaban manaja. A lokacin ba ni da gwani sai Michael Imoudu, shugaban ƙungiyar ma'aikatan reluwe a zamanin Turawa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe ne suka ba ni labarinsa: Turawan mulki sun tsare shi a 1943, suka sake shi a 1945, ko hutawa bai yi ba ya shige gaba a yajin aikin gama-gari na kwana 44, ana neman ƙarin kuɗi saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo. Jiragen ƙasa suka tsaya cak. A ƙarshe gwamnati ta kafa kwamitin Tudor Davies, aka yi ƙarin.

Ban taɓa tambayar me ya riƙe magidanta kwana 44 ba albashi ba. Sai da na girma na gane cewa Imoudu ya shafe shekaru yana gina ƙungiyar ma'aikatan reluwe kafin ranar, kuma matan kasuwar Legas sun tsaya wa masu yajin da abinci da kuɗi.

Ni kuwa, da aka riƙe mana kuɗin obataya na wata uku, sai na haye benci a kantin cin abinci na ce gobe kada kowa ya taɓa inji. Aka yi ta tafi. Ban rubuta wa kamfani takarda ba, ban sanar da uwar ƙungiya ba, asusunmu ba ko sisi. Masu aikin dare ma ban je na same su ba. Rana ta uku suka shiga aiki, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, ba wanda ya shawarce su. Rana ta shida aka manna takarda a bakin get: mutum bakwai an sallame su. Sunana ba ya ciki.

Kafin ku kira yaji, ku zauna da biro ku ƙirga mutum nawa ne za su kai mako biyu tukunya ba ta hau wuta ba. Ku rubuta buƙatunku, ku riƙe kwafi mai hatimi. Ku san cewa dokar Najeriya ta ba mai kamfani damar hana albashin kwanakin yaji, ku faɗa wa mutanenku tun da wuri. Ku je wurin mai shagon unguwa ku ji ko zai ɗaga wa 'yan'uwa ƙafa.

Cikin bakwai ɗin akwai wani dattijo mai 'ya'ya shida. Na tarar da shi yana karanta takardar da yatsa, kwanon abincinsa a hammata. Ya juyo ya ce, "Ɗana, to yanzu ina muka nufa?" Ba ni da amsa. Ya koma ƙauyensu kafin damina.