Ɗan risho mai giram 25 da iskar hunturu a kan Kufena

Ranar da ƙanena ya fara ganin ɗan rishon nan a tafin hannuna cewa ya yi, "Yaya, wannan ne zai tafasa mana shayi?" Ban ga laifinsa ba, don in ka naɗe ƙafafunsa ukun nan bai wuce tsawon babban ɗan yatsa ba, nauyinsa giram 25 kacal, da ƙarfen titaniyom aka yi shi, sunansa BRS-3000T. Wani abokina mai zuwa sarin kaya ne ya taho min da shi. Yadda yake aiki ba wahala, ka murɗa shi a kan gwangwanin gas kamar yadda ake murɗa noti, ka buɗe ɗan makunnin kaɗan, ka ƙyasta ashana, shikenan. Bakin gwangwanin yana rufe kansa da ka cire rishon, kuma zaren bakin iri ɗaya ne a kusan duk kamfanoni, za ka ga an rubuta EN 417 a jiki, so gwangwanin wani kamfani yana hawa rishon wani.

Amma bari in faɗi dalilin da ya sa na damu da abin nan har nake rubutu a kai. Da can in mun hau dutsen Kufena na Zariya mu kwana, murhu muke haɗawa da duwatsu uku mu tsinto ƙirare, don ba wanda zai iya ɗaukar kamgas ɗin kilo 3 ya hau dutse da shi ga ruwa ga bargo. Wata rana a Disamba iska ta ɗauki tartsatsi ta jefa cikin busasshiyar ciyawa, wallahi kafin mu miƙe wuta ta ci wajen taku goma, da reshen itace da takalma muka kashe ta muka juye duk ruwan shanmu a kai. Da muka sauko ta wajen Wusasa wani dattijo da ya ga hayaƙin ya tsayar da mu, bai ɗaga murya ba, ya ce "'Ya'yana, kun ga karan dawar can? Ba a kwashe ba tukuna, na mutane ne." Muka ce Baba a yi haƙuri. Tun daga ranar ban sake hura itace a kan dutse ba, kuma duk wanda zai bi ni sharaɗina kenan.

Toh sai dai fa ɗan rishon nan yana da abokin gaba, iska. A gida Samaru na gwada shi a tsakar gida ba iska, rabin lita ya tafasa cikin minti huɗu haka, na ɗora gwangwanin a sikelin kicin kafin da bayan na ga gas giram 8 ya tafi. Na ce madalla. Da muka je Kufena a Janairu, bayan sallar asuba hunturu na kaɗawa ga hazo ko garin ba ka hangowa sosai, na kunna shi a fili kan dutse, sai ka ga harshen wutar ya kwanta gefe guda yana ta ƙara fuuu amma gindin tukunya ko ɗumi bai yi ba sosai, sama da minti goma muna zaune hannu cikin riga muna jira, da na dawo gida na auna kusan giram 20 ya ci a kan shayi ɗaya. Kan rishon ƙarami ne kuma a buɗe yake, ba abin da ke kare wutar. Akwai masu ɗan nauyi da suka fi shi jure iska, kamar Soto WindMaster da kansa yake da ɗan rami wutar na zaune a ciki, ko MSR PocketRocket 2 mai giram 73, kuma gaskiya in da yanzu zan saya zan yarda in ƙara giram hamsin ɗin nan in huta, don abin da ka rage a nauyin risho shi za ka biya da gas.

Nan ne wajen da nake so a ji ni da kyau. Abin da zai fara zuwa maka shi ne ka zagaye rishon da kwano ko falle na alminiyom ka toshe iska gaba ɗaya. Don Allah kar ka yi. Gwangwanin yana ƙarƙashin wutar ne, in ka rufe su tare zafi zai taru a kansa, kuma a jikinsa an rubuta kar ya wuce digiri 50, in ya wuce yana iya fashewa a gabanka. Ni abin da nake yi, in nemi lungu bayan babban dutse, in jingine jaka ta ɓangaren da iska ke zuwa da ɗan rata, in zauna ni ma in tare, in rufe tukunya da murfi, in rage wutar don buɗe ta duka ɓarnar gas ce kawai. Lokaci lokaci ina taɓa gwangwanin, in ya fi ƙarfin hannu in kashe. Maganar digiri 50 ɗin nan ta shafi but ɗin mota ma, zafin Maris da Afrilu na Zariya ba wasa bane. Kuma komai sanyi kar a kunna cikin tanti a rufe, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutum cikin barci.

Sai sanyi. Gas ɗin ruwa ne a cikin gwangwanin, sai ya zama iska yake fitowa, kuma gas ɗin iri iri ne, butan zalla yana daina tashi wajen digiri sifili, isobutan sai wajen 12 ƙasa da sifili, furofen kuwa har 42 ƙasa da sifili, shi ya sa masu kyau suke haɗa na biyun da na ukun. Za ka ce ai hunturun Zariya bai kai sifili ba, haka ne, amma gwangwanin da kansa yana ƙara yin sanyi yayin da gas ke fita, taɓa shi ka ji, so da asuba in ya kusa ƙarewa wutar sai ta yi laushi. Ina kwana da nawa cikin bargo, in kuma ya yi rauni in tsoma gindinsa a ɗan kwanon ruwa, ruwan da ba na zafi ba. A tsaunukan Shere na Jos na fi ganin amfanin wannan dabarar.

Samun gwangwanin shi ne wahalarmu a nan. Na zaga Sabon Gari ban samu mai zaren ba, sai dai in yi oda ta intanet daga Legas ko Abuja ya zo ta mota, don jirgi ba ya ɗaukar shi. Wanda aka fi samu shi ne dogon nan mai kama da gwangwanin maganin sauro, akwai adafta da ke haɗa su amma dogo ne, ka ɗora tukunya a samansa a kan dutsen da ba shafaffe ba sai ya kife. Wani ya ba ni shawara in kai wajen masu ɗura gas a cika min tsohon, na ƙi, gwangwanin siriri ne ba a yi shi don ƙarfin gas ɗin tukunyar gida ba.

Girki kuwa a rage buri. Shayi, indomi da ƙwai, ruwan zafi na dama kunu ko na alwala, iyakarsa kenan, sauran a cike da kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli. Wake ko tuwo ba aikinsa bane, tukunyar da ta wuce lita ɗaya ma ƙafafun ba sa son ta.

Gwangwanin da ke ɗauke da gas giram 230 in yana cike wajen 380 yake a sikeli, wayam kuma wajen 150. Nawa jiya na auna 262, na rubuta da maka a gindinsa kamar kullum, ya ishe mu ni da ƙanena ranar Asabar in Allah ya kai mu, indai mun samu lungun nan namu na bayan dutse ba kowa.