Yadda na bi diddigin wata waƙar raino ta Sikotilan

Waƙar sunanta Griogal Cridhe, da yaren Gaelic ake rera ta, yaren mutanen tsaunuka da tsibiran Sikotilan. A YouTube na fara jinta, muryar a sanyaye kamar uwa na lallashin goyonta ya yi barci, sai da na nemo fassarar baitocin wallahi jikina ya yi sanyi. Matar tana ba da labarin yadda aka ɗora kan mijinta a kan kututturen itace aka sare, jini ya malale a ƙasa, har tana cewa da tana da ƙoƙo a hannu da ta sha jinin ta ƙoshi. Kuma wai da wannan ake lallashin jariri!

To sai na shiga bincike. Mijin shi ne Griogair Ruadh, shugaban dangin MacGregor na Glenstrae, an fille masa kai a watan Afrilu 1570 bisa umarnin Cailean Liath, wato Colin Campbell na Glenorchy. Matar, Mòr Chaimbeul, ita ma 'yar gidan Campbell ce, ɗiyar Duncan na Glenlyon, kenan danginta ne suka kashe mata miji, shi ya sa a cikin waƙar take tsine wa 'yan uwanta ba ta raga musu ba.

Inda na sha wuya shi ne kwanan wata, domin waƙar ta fara da safiyar Lùnastal, farkon Agusta kenan, alhali kisan a Afrilu aka yi. Na yi ta juya abin har na gane cewa a Agustan 1569 aka kama shi, ya yi watanni a tsare kafin a kashe shi, ita kuma ta haɗa ranakun biyu wuri guda, don a wurinta tun ranar da aka raba su komai ya ƙare.

Sannan baitocin ba iri ɗaya ba ne. An fara buga waƙar a littafin Patrick Turner a 1813, sama da shekara 240 bayan kisan, duk tsawon lokacin nan a bakin mutane take yawo. Na shiga Tobar an Dualchais, rumbun da ke ɗauke da tsofaffin muryoyin da aka naɗa, ciki har da na School of Scottish Studies da aka kafa a Jami'ar Edinbura a 1951, na yi ta sauraro da iyafis a kunne ina tsayarwa ina rubutawa, wannan ya rage baiti wancan ya sauya amshi wata ta kawo abin da babu a littafi.

Ni dai shawarata, kar ka ɗauki baitocin shafin intanet na farko ka ce ka gama, ka jera littafi da murya da tarihi ka gwada su. Kuma kar ka raina na bakin tsofaffin nan don ya saɓa da na Turner, shi ma ai daga bakin mutane ya kwaso nasa.