Gyaran gida kafin a yi maganar farashi

Da muka yanke shawarar sayar da gidanmu na Kano, dillali ya ce mu fara da gyara, kuma na gamsu da hujjarsa. Mai saye yana ɗaga kai ya dubi silin tun kafin ya zauna, domin tabon ruwan damina yana shaida masa cewa kwano na yoyo. Saboda haka muka sauya kwanon da ya yi tsatsa, muka yashe magudanar ruwa, muka shafa farin fenti, sannan muka kwashe tarkacen da ya cushe zaure. Duk da wannan ɗawainiya, kowane mai saye sai da ya nemi ganin takardar mallaka kafin a shiga ciniki.