Fursunoni da gyaran bakin hanya

Idan damina ta yi nisa a karkarar Jigawa, tafasa da gamba sukan cinye gefen titi har mai babur ba ya hango abin da ke tahowa a kwana, yashi kuma ya toshe kwalbatoci, ruwa ya koma bi ta kan kwalta. Tun bayan ambaliyar 2022 nake jin mutane a majalisa suna cewa a riƙa fito da fursunoni su yi wannan aiki, tunda a Amurka ma haka ake yi.

Gaskiya ne ana yi. A jihohin kudancin Amurka, gundumomi da dama suna fitar da masu ƙananan laifuffuka su tsince shara, su yanke ciyawa, su yashe magudanan ruwa, jami'i yana tsaye a kansu. Sai dai tarihin abin ba mai daɗi ba ne. Gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a 1865, ya keɓe wanda kotu ta hukunta, kuma ta wannan ƙofa aka yi ta kama baƙaƙen fata a kan laifin zaman banza ana ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai. Da jihar Jojiya ta hana wannan haya a 1908, sai aka mayar da su aikin hanya cikin sarƙa. Alabama ta farfaɗo da sarƙar a 1995, kuma har yanzu a Tekzas yawancin fursunoni ba a biyansu ko sisi.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a zamanin En'e fursunonin gidan yari ne suke sharar gari. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, ranar da ƙaramar hukuma ta gano cewa gidan yari yana ba ta leburori kyauta, ɗan talakan da ya kasa biyan tara shi ne zai riƙe lauje, matasan ƙauyen da ya kamata a ɗauka aikin kuma su ci gaba da zama a gindin bishiya. Ga shi kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba, balle a sa su aiki.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta riga ta tanadi hukuncin yi wa al'umma hidima ba tare da ɗauri ba. A ganina wanda ya saci buhun gero, alƙali ya yanke masa kwanaki ƙayyadaddu na yashe kwalbati a yankinsu, ya kwana a gidansa, ya kuma sami damar nome gonarsa. Tun 2023 tsarin mulki ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, saboda haka majalisar dokoki da ke Dutse tana da hurumin tsara wannan.