Dare uku ina neman laifin allo, ashe teburin adireshi ne

'Yan uwa masu koyo, jiya da misalin ƙarfe ɗaya na dare fitilar da ke kan ƙafar PC13 ta ƙaramin allon lantarkina ta fara ƙiftawa, kuma ban ji kunyar tashi tsaye ni kaɗai a ɗakina na Agege ba.

Aikin shi ne ƙaramin butloda, wato manhajar da ke fara tashi idan an kunna cif sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja, a kan allon Blue Pill mai ɗauke da cif ɗin STM32F103C8T6. Na ware masa kilobayit 8 na farkon filash, ma'ajiyar da manhaja ke zama a cikin cif, daga adireshin 0x08000000, na gyara fayil ɗin linka, mai tsara inda kowane sashen manhaja zai zauna, domin babbar manhajar ta zauna a 0x08002000. Tsallakawa daga butloda zuwa babbar manhajar ba ta ba ni wahala ba. Yadda Cortex-M3, ƙwaƙwalwar cif ɗin, ke yi da kansa idan aka kunna shi, wato ya ɗauki kalmar farko ta teburin adireshin da ke farkon manhaja a matsayin bakin sitak (wurin ajiyar wucin gadi a RAM), ya ɗauki ta biyu a matsayin adireshin da zai fara aiki, haka na kwaikwaya: na karanto 0x20005000 na zuba a MSP, rajistar da ke riƙe bakin sitak, na karanto adireshin da ke 0x08002004 na tsallaka. Har na tabbatar lambar mara ce, tun da idan bit ɗin ƙarshe bai zama 1 ba, HardFault, babban kuskuren da ke katse aikin cif, ne zai tarbe ka.

Manhajar takan tashi lafiya, ta shiga main, inda ainihin aikinta ke farawa, ta kunna fitila, daga nan sai ta sandare. Na zargi wutar janareta, na zargi waya, daga baya na yanke hukuncin cewa cif ɗin jabu ne. Na ratsa cunkoson hanyar Ikeja zuwa Computer Village na sayo wani allon, da kuɗin mota abin ya ci mini kusan naira dubu tara, kuma sabon ya sandare a daidai inda tsohon ya tsaya. Wannan kuɗi har yanzu yana yi mini ciwo.

Sai a dare na uku na yi abin da ya kamata in fara da shi, na tsayar da cif ɗin ta na'urar bincike ta ST-Link na duba inda yake. Adireshin yana ƙasa da 0x08002000, wato ya koma cikin butloda, yana ta zagaye a Default_Handler, inda cif ke faɗawa idan katsewa (kiran gaggawa da ke dakatar da aikinsa) ta zo ba a tanadar mata mai amsa ba. Da SysTick, katsewar agogon cikin cif, ta buga bayan milisakan ɗaya, sai ya je neman mai amsa ta a 0x0800003C, maimakon 0x0800203C inda manhajata ta ajiye nata. Tsallakawa ba ta sauya teburin da cif ke dubawa, sai an gaya masa ta rajistar VTOR da ke 0xE000ED08.

Na rubuta 0x08002000 a VTOR kafin tsallakawa, na loda, na jira ƙiftawa, amma shiru. A nan ne raina ya ɓaci sosai, domin na ga ƙimar ta shiga da idona. Da na bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, sai na kama SystemInit, mai shirya cif a farkon tashin manhaja, a tsohon fayil ɗin da na kwafo ban karanta ba, tana mayar da rajistar 0x08000000 tun kafin a kai main, saboda VECT_TAB_OFFSET, tazarar teburin daga farkon filash, yana nan a sifili. Na mai da shi 0x2000, shi ke nan.

Yanzu saura karɓar sabuwar manhaja ta UART, hanyar aika bayanai ta waya, da kashe duk wata katsewa da butloda ya kunna kafin ya miƙa ragama, domin na lura USART1, ɗaya daga cikin hanyoyin UART na cif ɗin, tana nan a buɗe bayan tsallakawa. Allo na biyu kuwa na ajiye shi don gwajin BOOT0, ƙafar da ke zaɓar inda cif zai fara tashi.