Mako na uku da kaset mai cin memori: inda aka kwana

'Yan uwa masu harkar tsofaffin gem, sallama. A makon jiya na bar ku ina ta fama da baƙin allo, to alhamdulillahi yanzu Sega ɗina ta tashi.

Ga waɗanda suka shigo mana daga baya: injina Mega Drive ce ƙirar farko, wadda ta fara fitowa a Japan a 1988, tawa kuma irin ta Turai ce. A wajen masu kayan gwanjo na tsinto ta da hannu guda. Kaset na asali kuwa ya zama sai an tona, in ma ka samu, batirin ajiyar da ke cikin wasunsu ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa na koma ga kaset mai cin memori. Siffarsa ɗaya da na da, sai dai yana da 'yar kafa da ake zura katin microSD. In ka kunna, jerin wasanni zai fito, ka zaɓi ɗaya, ya kwafe shi zuwa ƙwaƙwalwarsa, injin kuma ya karanta kamar kaset ɗin gaske aka sa masa. Wanda ya fi suna shi ne EverDrive na Krikzz, mutumin Yukren. Nawa dai mai araha ne marar suna, gwargwadon aljihu.

Baƙin allon nan ashe datti ne kawai. Kwana biyu ina zargin kati, na goge shi na mayar da shi FAT32 (tsarin ajiyar fayil da kaset ɗin ke karantawa) har sau uku, a banza. Da na haska bakin injin da tocilan sai ga ƙura ta yi dandazo, har da wani abu kamar ɓawon gyaɗa. Na naɗe tsohon katin waya da ƙyalle mai laushi, na ɗiga sifirit, na riƙa zurawa ina zarewa a hankali. Ƙyallen ya fito baƙi ƙirin. Na bari ya bushe, ina kunnawa sai ga jeri ya bayyana. Don Allah a daina hura kaset da baki irin yadda muke yi a gidan gem muna yara, danshin numfashi tsatsa yake jawowa.

Sai maganar adafta, a nan nake so ku tsaya. Ƙirar farko tana son wutar DC mai nagatif a tsakiyar baki, ƙira ta biyu kuma fozitif ce a tsakiya. Adaftar NES, tsohon injin gem na Nintendo, tana shiga ramin ƙirar farko daram, amma AC take bayarwa, tana iya kashe maka inji. Ku duba ɗan zanen da ke jikin adafta kafin ku jona. Tawa ta farko ba ta da ƙarfi, hoto yana ta layi-layi, sai da na samo mai amfiya 1.2 sannan ya zauna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ajiya. Na yi awa huɗu a Shining Force, na yi ajiya a cikin wasan, na kashe injin na tafi masallaci. Da na dawo, wayam. Laifina ne, ban karanta bayani ba: irin waɗannan masu araha sai ka danna Reset ka koma jeri, sannan suke rubuta ajiyar a kan kati. Yanzu na manna takarda a jikin injin da "RESET TUKUNA" da jan biro. In aka ɗauke wuta kana tsaka da wasa kuwa, sai haƙuri. Masu tsadar suna da batirin da ke riƙe ajiyar.

Wani abin da ban zata ba: Sonic ɗin da na girma da shi ashe a sanyaye yake gudu. Injin Turai yana tafiya a kan 50Hz, wato hoto yana sabuntawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan 60Hz, har kiɗan ma ya fi jan ƙafa a nawa. Kaset ba ya gyara wannan, sai an buɗe injin an sa masa makunni. Ban kai nan ba tukuna, hannuna da kan dalma har yanzu rawa yake. Virtua Racing ma ya ƙi tashi, don kaset ɗinsa na 1994 yana ɗauke da wani guntu na musamman, SVP, wanda nawa ba shi da shi.

Ina da damuwa ɗaya. Injin da wuta volt 5 yake aiki, wasu kaset na kwaikwayo kuma kayan volt 3.3 ne a cikinsu ba tare da abin daidaitawa ba. Saboda haka ba na barin nawa a kunne in ba wasa nake ba, ina kuma tarin kuɗin na kirki.

Wannan makon Xeno Crisis zan gwada, sabon wasa ne da aka yi wa Mega Drive a 2019. Wanda ya taɓa sa makunnin 60Hz a ƙirar farko, ya taimaka ya nuna min wayar da ake yankewa kafin in yi ɓarna.