Kar a ja wayar jan ƙarfe daga gida zuwa gida

Rukunin gidajenmu a Kaduna gida 44 ne, kuma daga ɗakin maigadi zuwa gidan ƙarshe akwai kusan mita 400. Da aka yanke shawarar kawo layin intanet ɗaya a raba wa kowa, tayi uku aka ajiye a gaban kwamiti: wayar Cat6 (wayar intanet ta jan ƙarfe), rediyo a kan rufi (farantin da ke tura intanet ta iska), da faiba (wayar zaren gilashi da ke ɗaukar intanet da haske). Wayar dish da ke jikin bangon kowane gida ba ta shiga lissafi ba, domin babu kamfanin da ke turo mana intanet ta cikinta. Aka ɗauki Cat6 saboda ita ce mafi araha, mai aikin kuma ya yi rantsuwa cewa "ta waje ce, ruwa ba ya yi mata komai". Ruwa kam bai yi mata komai ba. Tsawa ce ta gama da mu a daminar farko, kuma bayan nan ne aka ɗora mini gyaran.

Har yau abin yana ci mini rai, domin asarar ba ta da dalili. Cat6 ba ta wuce mita 100, don haka aka jera suwic-suwic (ƙananan na'urorin da ke karɓar sigina su tura gaba) a kan katangu, wannan yana miƙa wa wancan. Ba sai aradu ta faɗo a kan waya ba. Ta sauka a kusa ma ya isa, doguwar wayar jan ƙarfe za ta kwashi wutar ta kai ƙarshenta biyu. Ga shi kowane gida da nasa atin (wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa), nasa janareta, nasa inbata, wasu ma ba su da atin ɗin sam. Wayar intanet ta zama ita ce ta ɗaure su wuri ɗaya, duk bambancin wutar da ke tsakaninsu ta cikinta yake bi. Dare ɗaya suwic-suwic suka ƙone, rawutoci (na'urorin da ke raba intanet a cikin gida) suka bi, har da na'urar naɗar kyamarorin tsaro da talabijin ɗin da aka jona da waya. Da muka yanke wayar muka kankare ta da wuƙa, sai ga fari a ciki: alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe, wadda ake kira CCA. Ko ta gaskiya ce ma da ba ta tsira ba, amma wannan ya ƙara wa ciwon gishiri. Kuɗin da aka ce an rage, an biya shi sau biyu, ban da rigimar wa zai biya wa wa talabijin.

Rediyo na duba shi da gaske kafin na ajiye. Faranti na 5 GHz irin na Ubiquiti ko MikroTik yana aiki lafiya idan yana hango ɗan'uwansa babu shamaki. A unguwar zama kuwa shamaki kullum ƙaruwa yake: darbejiya da mangwaro suna tsawo, jiƙaƙƙen ganye yana shanye sigina, maƙwabci ya ɗora bene ko tankin ruwa. Kuma kowane faranti da wayarsa ta jan ƙarfe da ke saukowa daga rufi zuwa falo, wato an sake buɗe wa tsawa ƙofa. Wuri ɗaya muka bar shi: gidaje uku da ke ƙetaren kwalta, inda haƙa titi sai da izinin hukuma. Can ma sai da aka sa waya mai sulke, na'urar tare tsawa sama da ƙasa, da sandar atin tata.

Faiba gilashi ce, wuta ba ta bin ta, kuma wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Mun yi tsarin GPON, wato a raba hasken zare ɗaya ga gidaje da yawa. OLT ɗaya, wato babbar na'urar da ke tura hasken, a ɗakin maigadi, kafa biyu na jikinta muke amfani da su. Kowace kafa tana ɗaukar kusan gigabit 2.5 saukowa da 1.25 hawa, kuma tana kai kilomita 20, don haka mita 400 ba magana ba ce. Kowace kafa ta shiga mai raba haske na 1:4 (zare ɗaya ya rabu huɗu), daga nan kowane reshe ya tafi akwatin 1:8 a bakin layi, gurbi 64 ke nan ga gida 44. Babbar wayar mai zare 12 ce ko da yake ba duka muke bukata ba, domin bambancin kuɗin kaɗan ne, sake tone kuwa ba kaɗan ba ne. Wadda ke shiga gida G.657A ce, mai jure lanƙwasa. A nan ma sai an lura: akwai faiba mai sulken ƙarfe ko mai igiyar ƙarfe a jiki, kuma ƙarfen nan yana ɗaukar tsawa kamar yadda Cat6 ta ɗauka. Mun sayi wadda babu ƙarfe a cikinta ko kaɗan, muka bar bututu ya kare ta daga ɓera da gafiya.

Wayar kanta ba ita ce mai tsada ba, rami ne. Zurfin santimita 60, yashi a ƙasa, bututun roba na HDPE mai faɗin milimita 40 da igiyar ja a ciki, yashi a sama, sannan ledar gargaɗi kamar taki ɗaya kafin a kai saman ƙasa, domin mai diga ya gan ta kafin ya kai ga bututu. A kowace kwana ramin dubawa mai murfi, a naɗe rarar waya mita 10 a ciki. Ranar da aka sare ta, da wannan rarar za a yi haɗi. Masu aiki sukan so su rage zurfi inda ƙasa ta yi tauri, ko su bi ta cikin kwata don sauƙi. Kar a yarda, kuma kar a rufe rami sai wani daga kwamiti ya sa awo ya gani.

Wajen karɓar aiki, "ga shi yana kawowa" ba shaida ba ce. Mai raba 1:4 yana cin kusan dB 7 (dB shi ne ma'aunin hasken da ya ragu), na 1:8 kusan 10.5, ban da haɗe-haɗe. ONU, akwatin da ke karɓar faiba a cikin gida, yana aiki idan ƙarfin haske yana tsakanin -8 da -27 dBm, amma duk gidan da na'urar awon haske ta nuna ya faɗa ƙasa da -25 ba mu sa hannu ba, domin ƙurar hunturu kaɗan a bakin kan da ake jona waya da shi za ta kashe shi. Yawanci laifin ɗayan uku ne: an matse waya a bayan ƙofa, kai ya yi datti, ko an haɗa koren kai da shuɗi. Kore SC/APC ne, bakinsa a karkace. Shuɗi SC/UPC ne, bakinsa a miƙe. Suna shiga juna, amma haske yana zuba, bakin kuma yana lalacewa. Haɗin kan hanya duka da injin narkarwa aka yi, ba da ɗan kan da ake matsawa da hannu ba. An rubuta awon kowane gida a takarda kafin a biya cikon kuɗi.

Saura wuta. OLT da babbar rawuta suna kan ƙaramin inbata da sola nasu, ba a jona firjin maigadi ko cajin waya a kai ba. A gida, ONU wat 10 ko ƙasa da haka yake ci, ƙaramin batirin 12V yana riƙe shi sa'o'i idan an ɗauke wuta. Cat6 tana nan, amma cikin gida kawai, daga ONU zuwa ɗakuna. Duk wanda ya ce zai ja ta zuwa ɗakin baƙi na waje ko gidan ƙaninsa na kusa, ana nuna masa kwalin ƙonannun suwic da muka ajiye.

An zana taswirar duk inda bututu ya bi, da nisansa daga katanga, aka ba kowane maigida kwafi. An kuma rubuta a dokar rukuni cewa mai haƙa sokawe, mai jan famfo ko mai dasa itace sai ya sanar da kwamiti tukuna, in kuwa ya sare waya, kuɗin mai haɗi a wuyansa yake.